Ruwan garau, kifayen kuma suna mutuwa

Kuɗin barka da sallah ne ya jawo min wannan aikin. Ƙaramar sallar 2024 ce, watan Afrilu, Kano ta ɗau zafi kamar tanda, autata ta tattaro ɗan abin da ta samu a yawon sallah ta zube min a gaba ta ce Abba kifi nake so, irin na gidan ƙawarta da yake yawo a cikin gilashi. Kuɗin ko murfin tankin ba za su saya ba, amma ka san auta, na ce to na ji. Na cika sauran muka tafi wajen wani mai sayar da kifin ado muka ɗauko tanki mai cin lita 60, da ƙaramar filta ta cikin ruwa mai soso, da tsakuwa kala-kala, da kifaye goma: golfish biyu, sai ƙananan kifaye masu kala da ake kira gofi da filati, gofi huɗu, filati huɗu. Na tambaye shi oga yaushe zan zuba su, ya ce yau ɗin nan mana Alhaji, ka dai bar ledar ta yi minti 20 tana yawo a saman ruwan sai ka sake su. Ban ce mugunta ya yi min ba, wataƙila shi ma iya abin da aka gaya masa kenan, amma dai a ranar aka yi kuskuren farko kuma da hannuna na yi shi.

Kwana biyun farko lafiya lau, yara sun kewaye tanki ko talabijin ba sa kallo, kowa ya zo wucewa sai ya ɗan barbaɗa musu abinci, ni ma har da ni, wai kar su ji yunwa. A rana ta uku ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Rana ta huɗu da asuba na fito zan tafi masallaci na ga gofi ɗaya kwance a kan tsakuwa, sauran kuma sun taru a sama suna buɗe baki kamar masu haki. Na cire shi tun kafin auta ta tashi, amma ita ai ta san adadin kifayenta, tana fitowa ta ƙirga ta fashe da kuka.

To ga abin da hankalina ya ba ni a lokacin, kuma na san da yawa haka za su yi: ruwa ya yi datti, maganin datti wanki. Na kwashe kifayen na zuba a roba, na zubar da ruwan kaf, na wanke tsakuwa, na ciro soson filta na murje shi tas a bakin famfo har na shanya shi a rana ya bushe ƙamas don ƙwayoyin cuta su mutu. Na mayar da komai, ruwa ya fito garau kamar hawaye, na tsaya ina yaba kaina. Bayan kwana biyu wasu biyu suka bi na farko, gofi ɗaya filati ɗaya, a cikin ruwan nan da ko ni zan iya ɗiba in sha.

Nan fa kaina ya ɗaure. Na kira wani abokina da yake kiwon tarwada a bayan gari na kwashe labari na gaya masa, ya yi dariya ya ce Malam ai ruwan kifi ba da ido ake gane shi ba, kashinsu da numfashinsu ne suke kashe su, ka rage abinci ka dinga canza ruwa. Ya ce ita tarwada Allah ya yi mata wata gaɓa da take shaƙar iskar sama kai tsaye shi ya sa take jure ruwan da wani kifin ba zai kwana a ciki ba, kuma duk da haka sai ya sauya musu ruwa a kai a kai, balle waɗannan 'yan gayun naka. Maganarsa ce ta sa na zauna daren nan da waya ina bincike har wajen ƙarfe biyu, kuma a nan na gane ashe ba kifi na fara kiwo ba, akwai wasu halittu da ya kamata in fara kiwatawa tun kafin kifi ya shigo gidan.

Yadda na fahimci abin kenan. Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawa ta kumatunsa inda yake numfashi, sauran daga kashi da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa. A kogi ko dam ruwa mai yawa ne ya tafi da ita, a lita 60 kuwa babu inda za ta je. Ba ta da kala, guba ce, tana ƙona kumatun kifi shi ya sa kake ganinsa a sama yana haki. Akwai wasu bakteriya, ba na cuta ba, masu amfani, irin su Nitrosomonas, da suke cin amoniya su mayar da ita naitirait. Shi ma naitirait ɗin guba ne, shi jini yake kamawa ya hana shi ɗaukar oksijin har jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kifi yana cikin ruwa mai iska amma yana shaƙewa. Sai rukuni na biyu su zo su mayar da shi naitiret, wanda shi da sauƙi sosai, canjin ruwa na sati-sati ya isa ya rage shi. Na biyun nan an daɗe ana cewa Nitrobacter ne, sai wani bincike a 1998 ya nuna a tankin kifi na ruwan daɗi Nitrospira ne suka fi yin aikin. Sunan dai bai dame ni ba, abin da ya dame ni shi ne ba a cikin ruwa suke zama ba, mannewa suke a jikin soso da tsakuwa da gilashi, kuma hayayyafarsu a hankali take, ɗaya kan ɗauki kusan yini ko fiye kafin ta zama biyu, shi ya sa sabon tanki yake cin sati huɗu zuwa shida kafin ya kafu. Wato 'yan kaɗan ɗin da suka fara taruwa a sosona su na murje da ruwan famfo mai kilorin na kuma gasa su a ranar Afrilu. Wallahi da na karanta wurin nan sai da na ajiye wayar na yi shiru.

Masu harkar sun ce hanya mafi kyau ita ce ka kafa tankin babu kifi, kana ɗiga amoniya ko ɗan abinci har bakteriyan su cika sannan ka kawo kifi. To ni bakin alƙalami ya riga ya bushe, kifaye bakwai suna ciki suna kallona. Abin da ya rage kawai in zama ni ne filtar, da bokiti, har ranar da ta gaskiyar za ta iya aikinta.

Farko na sallami golfish biyun nan. Auta ta so ta yi rigima don su ne manya masu kyau, amma su ne suka fi kowa ci da kashi, kuma suna girma har su wuce tsawon tafin hannu, ga shi sun fi son ruwa mai ɗan sanyi. Abokina ya karɓe su ya sa a wani ƙaramin kwamin siminti da babu tarwada a ciki, don in da akwai ai sun zama kalaci. Saura biyar, gofi biyu filati uku. Na kafa doka a gida: ba wanda zai ƙara ba su abinci sai ni, na ɗauke gwangwanin na sa a saman wadirof. Kwana biyu cur ban ba su komai ba, daga nan kuma sau ɗaya duk bayan kwana biyu, ɗan abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Madam ta ce Abban yara wannan ai zalunci ne, ka tsare bayin Allah a gilashi kuma ka hana su ci, na ce mata kifi lafiyayye yana kwanaki bai ci ba ba abin da zai same shi, amma duk ƙwayar da na zuba amoniya ce nake zubawa.

Sai kayan gwajin ruwa. A nan na sha wahala don inda na leƙa ban samu ba, sai daga Legas na yi oda aka sako min a mota, na kamfanin API mai kwalabe na ɗigawa, kuma kuɗinsa ya fi na kifayen goma gaba ɗaya, abin da ya sa na yi ta jan ƙafa kenan kafin in saya. Yanzu in za a tambaye ni cewa zan yi shi ya kamata a fara saya kafin tsakuwa mai kala. Ana ɗibar ruwa mil 5 a 'yar kwalba, na amoniya ɗigo 8 daga kwalba ta ɗaya ɗigo 8 daga ta biyu, ka girgiza ka jira minti biyar, in ya tsaya ruwan ɗorawa babu komai, in ya juya kore akwai matsala. Na naitirait ɗigo 5 ne, shuɗi mai haske lafiya, in ya tafi shunayya to a tashi tsaye. Ranar da ya iso, kwana tara da kafa tankin, na gwada amoniya ya ba ni kore sosai wajen 2 ppm (ma'aunin yawanta a cikin ruwa kenan), naitirait shuɗi tas wato ko rukunin farko ba su fara aiki ba. Kuma zafin gari yana ƙara dagula lissafi, don ruwan tankin yana kai digiri 31 da rana, amoniya kuwa ta fi illa in ruwa ya yi ɗumi ko pH ɗinsa ya hau, wato tsaminsa ya ragu, ga oksijin yana raguwa a ruwan ɗumi.

Lissafin canjin ruwa ba shi da wuya. In ka cire rabi ka zuba sabo, 2 ta koma 1. Ka sake cire rabi, ta koma 0.5. Haka na yi ranar, sau biyu, da safe da kuma bayan isha'i. Daga nan na sa wa kaina iyaka, duk ranar da amoniya ko naitirait ta kai 0.5 sai na canza, in ta kusa 1 rabi nake cirewa ba tausayi. Na taɓa jin tsoron ko yawan canjin zai kwashe bakteriyan, ashe a'a tunda a manne suke, abin da ba a taɓawa shi ne soso. Da tiyo nake zuƙo ruwan daga ƙasa in haɗa da kashin da ya kwanta tsakanin tsakuwa, kuma sau biyu ina kurɓar ruwan kifi kafin in koyi cika tiyon da ruwa in toshe da yatsa maimakon in ja da baki.

Ruwan da za a zuba shi ma wani karatun ne. Unguwarmu famfo sai ya ga dama, in ya zo akwai kilorin, in bai zo ba sai 'yan ga-ruwa. Na famfo ina sa masa Seachem Prime, maganin da yake kashe kilorin, mil 5 na lita 200 ne, don haka da sirinji nake auna nawa, mil ɗaya da rabi ya ishi tankin duka. Kamfanin ya ce yana ɗaure amoniya da naitirait na kwana ɗaya zuwa biyu, wasu masu kiwo suna musun hakan, ni dai ina sawa amma ban taɓa fasa ɗaukar bokiti saboda shi ba. Na ga-ruwa kuwa na rijiyar burtsatse ne babu kilorin, sai dai jarkar nake shinshinawa, don akwai wadda na taɓa jin ƙanshin mai a ciki na ce a kai ta banɗaki. Shi ma ruwan na gwada shi kafin in fara amfani da shi don in tabbatar ba da amoniyarsa ya zo ba. Wani ya ba ni shawarar fiya wata, na lissafa lita 20 leda 40 kenan, jaka biyu kullum, na ce a'a ba da ni ba. Na ware bokiti guda sabo na rubuta KIFI a jiki da maka don kar a sa masa omo. Ruwan tankin sama kuma da rana tafasa yake kamar na shayi, saboda haka da daddare nake tara na safe in ajiye a falo kusa da tankin ya kwana, zafinsu ya zo ɗaya.

Af, kafin in manta, maganin sauro. Ranar da madam ta ɗauko filit za ta fesa a falo da gudu na tare ta, don wannan maganin kifi ba ya jure shi ko kaɗan. Tun daga nan in za a fesa sai na lulluɓe tankin da zani mai kauri na kashe famfon iskar da na saya daga baya na ɗan lokaci, ko ma a haƙura a fesa a ɗakuna kawai.

Wajen kwana 15 amoniya ta fara sauka da kanta, na ji daɗi har na kira abokina na ce an gama. Washegari na gwada naitirait, ɗigon na taɓa ruwa ya fara juyawa shunayya tun kafin minti biyar ɗin. Ashe yanzu aka fara. Wannan zangon ya fi na farko tsawo da gajiyarwa, kullum shunayya, ka canza rabi da safe ka dawo daga aiki ka tarar ya koma inda yake, bayana har ya fara ciwo saboda ɗaukar bokiti. Filati ɗaya ta maƙale a lungu ta tattare fukafukanta tana numfashi da sauri-sauri. Nan na sa gishiri, tsantsarsa mara haɗin komai, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a duk lita 10, na narkar da shi a kofi kafin in zuba a hankali. Hikimar ita ce sinadarin kilorayid na gishiri da naitirait ƙofa ɗaya suke bi a kumatun kifi, in gishirin ya yi yawa sai ya tare hanya. Ba ya cire naitirait daga ruwan, kwalbar gwaji za ta ci gaba da nuna shunayyarta, kifin ne dai yake samun sauƙi. Gofi da filati suna jure ɗan gishiri, akwai kifaye da tsirrai da ba sa so, kar wani ya ji ya kwafa kai tsaye. Kuma gishiri ba ya bin tururi ya fita, sai na ruwan da na cire kawai nake mayarwa.

Sai kuma NEPA ta yi halinta. Wani dare aka ɗauke wuta tun magariba, zafi ba a magana, wajen sha ɗaya na haska tocila na ga su biyar duk a sama. Filta ta tsaya, ruwa ya tsaya cik, kuma bakteriyan nan da nake lallaɓawa su ma oksijin suke buƙata kamar kifin. Janareto babu mai. Na ɗauko kofi na zauna a kan kujera 'yar tsugune ina ɗibar ruwan ina tsiyayo shi daga sama yana kumfa, in yi minti biyar in huta in sake, madam ta leƙo ta ce yanzu kai da ko jariri ba ka taɓa yi wa raino da dare ba, kifi ne ya samu wannan gatan? Ban ce komai ba don gaskiya ta faɗa. Sai wajen ƙarfe uku aka kawo wuta. Da gari ya waye na nemo ƙaramin famfon iska mai aiki da USB na haɗa shi da fawa bank, na sayi filtar soso irin wadda iska ke tuƙawa na sa ta gefe guda tare da tsohuwar. Duk wanda zai ajiye kifin ado a garin da wuta take wasan ɓuya, wannan ɗan famfon ya fi masa fitila mai kala amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ya karya lagon naitirait daga ƙarshe kyauta na same shi. A wajen aiki ina ba da labarin wahalata sai wani abokin aiki ya ce ai shi tankinsa ya shekara uku, na ce don Allah ka yanko min rabin soson filtarka, yadda yake da dattinsa kar ka wanke. Ya kalle ni kamar na zauce amma ya kawo washegari a leda da ɗan ruwan tankin a ciki don kar ya bushe. Sai da na tambaye shi ko kifayensa lafiyarsu ƙalau, babu mai farin ƙuraje ko wanda ya mutu kwanan nan, don ta wannan hanyar cuta ma tana iya biyowa. Abu baƙi-baƙi mai yauƙi yana warin ƙasar da aka yi wa ruwan fari, madam na gani ta ce wannan ƙazantar za ka sa a ruwan da kake ta wahalar tsaftacewa? Na matse shi a kan sabon soson, ruwa ya yi duhu na 'yan awanni, sauran na cusa shi cikin filta. Da na san da wannan tun ranar farko da wataƙila ba a yi jana'iza uku a bayan gida ba. Akwai bakteriya na kwalba da ake sayarwa irin su Tetra SafeStart, ban gwada ba, kuma da na yi tunanin irin zafin da kwalbar za ta sha a bayan mota daga Legas sai na ga soson maƙwabci ya fi min kwanciyar hankali.

Bayan kwana biyar da sa shi shunayyar ta fara dusashewa. Auta ce ta zama mai karanta kala, ita take riƙe katin a jikin farin bango tana cewa Abba yau ya fi na jiya haske. A kwana na 33 ta ce shuɗi ne, na ce ƙara dubawa, ta ce wallahi shuɗi ne Abba. Na gwada naitiret a karon farko da zuciya ɗaya, shi kwalbarsa ta biyu sai an girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30 in ba haka ba ƙarya za ta yi maka, ya fito ruwan lemo wajen 10. Ban yarda nan take ba saboda abin da amoniya ta yi min a baya, na bar ruwan ban canza ba ina gwadawa kullum har sati guda, ina ƙara abinci kaɗan-kaɗan, amoniya ruwan ɗorawa, naitirait shuɗi, ba su motsa ba. Filatin da ta maƙale a lungu ta warware tana kokawar abinci da sauran. Su biyar ɗin nan babu wanda ya sake mutuwa.

Yanzu sati-sati nake canza kamar kashi ɗaya cikin uku, gishirin ya fita a hankali da canjin ruwa ban ƙara ba, soso kuma in ya toshe a cikin ruwan tankin da na zuƙo a bokiti nake ɗan matsa shi sau biyu uku in mayar, kuma ba na taɓa duka biyun rana ɗaya. Na so in ƙaro kifi biyu bayan wata guda, sai gofin ta riga ni, wata safiya auta ta ƙwala ihu wai akwai idanuwa a cikin tsakuwa, muka duƙa muka ƙirga 'ya'ya goma sha ɗaya ƙanana kamar tsinken ashana. Na miƙe na sauko da kwalaben gwaji daga saman wadirof, madam ta kalli bokitin ta kalle ni ta koma kicin tana dariya.